Fayil na Takwas

Auta ake ce masa har yau, duk da furfurar da ta cinye rabin gemunsa. Sana'arsa gyaran injin fotokwafi. Yana da wani ɗan tsukukun shago a layin masu sayar da takarda da tawada, inda injina uku ke tsaye a jikin bango, biyu masu aiki, ɗaya kuma an fasa cikinsa tun bara ana ciro masa kayan gyara. Wannan ita ce sana'ar da ke ciyar da gida. Abin da ke sa shayinsa ya huce bai sha ba daban ne: rubuta wa kwamfuta umarni, wanda ya koya wa kansa a ranakun da injinan gari suka ƙi lalacewa.

Shekara shida da suka wuce ya ƙera wata 'yar manhaja ya raɗa mata suna Ɓad-da-Kama. Aikinta ba wuyar fahimta. Duk mai rubuta manhaja yana sa wa abubuwan da ke cikinta sunaye don ya gane su, kamar yadda ake liƙa takarda a jikin kwalba: wannan "jimlar ɗalibai", wancan "ranar farawa". Yakan kuma bar wa kansa 'yan bayanai a gefen layi, don kada gobe ya manta abin da ya sa ya yi kaza. To Ɓad-da-Kama bi take yi ta ciccire sunayen nan ta sa shirme a madadinsu, irin su q7 da zz41, sannan ta share bayanan gefe kaf. Kwamfuta ba ruwanta, za ta ci gaba da aiki yadda ta saba. Ɗan Adam ne in ya buɗe zai ga kamar kaji sun yi tsere a kan takarda. Amfanin abin shi ne ka ba wani manhajarka ya mora ba tare da ya kwashe maka basira ba.

Ya ɗora ta a intanet kyauta, haɗe da shafi ɗaya na bayanin yadda ake amfani da ita. Mataki biyar ne, kuma a tsaye ya rubuta su yana jiran wani inji ya huce. A ƙasan shafin ya sa adireshinsa na imel. A shekara shida saƙo tara ya samu, kuma in ka yi kuskuren tambayarsa zai karanto maka su da ka, ɗaya bayan ɗaya, har da wanda wani ya turo bisa kuskure.

Na goma ya iso ran Asabar da hantsi, yana tsaka da zaro takarda daga haƙoran wani inji.

"Malam, ni malamar lissafi ce a wata makarantar sakandare. Shekara huɗu ina rubuta manhajar da ke tsara mana jadawalin darussa. Wata makaranta ta roƙe ni kwafi, na ce bari in ɓad da kamarta tukuna. Na bi bayaninka. Mataki na biyu ya ce: ka ja fayil ɗinka ka sake shi a kanta, ita za ta yi sauran. Na ja na saka. Ta yi sauran. Yanzu nawa na asali ne ya koma q7 da zz41, kuma ba ni da wani. Jibi Litinin za a koma makaranta, an ƙara mana aji biyu, dole in taɓa cikin manhajar, ga shi ko layi ɗaya ban gane ba. Ba faɗa na zo yi ba. Tambaya nake yi ko akwai hanyar komawa. Ga lambar wayata."

Auta ya karanta sau biyu, ya nemi kujera ya zauna. Ya san amsar tun kafin ya kai ƙarshen saƙon. Babu hanyar komawa. Da bakinsa ya sha yi wa maƙwabtansa alfahari cewa Ɓad-da-Kama mota ce mara ribas, su kuma su gyaɗa kai don a zauna lafiya.

Kamar yadda mai laifi ya saba, fushi ne ya fara zuwa masa kafin kunya. Wane irin mutum ne zai yi shekara huɗu yana aiki da kwafi ɗaya tal? Shi fa bai taɓa sakin Ɓad-da-Kama a kan fayil na asali ba. Kullum sai ya buɗe sabuwar folda, ya zuba kwafi a ciki, ya yi aikin a can, ya ɗauke abin da yake so, ya share foldar ɗungurungum. Hannunsa ne ke yin haka, ba ya ma shawara da kansa, kamar yadda yake murɗa makullin shago sau biyu in zai tafi gida. Yana cikin yi wa injin da ke gabansa wannan bayani ne aka yi sallama.

Yayarsa ce. Ita ta goya shi yana jariri, kuma har yanzu ba ta ga alamar ya girma ba. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aikin jinya a ɗakin tiyata kafin ta yi ritaya. Kusan kowace Asabar takan zo shagon da 'yan takardun nan da ake naɗewa a cikin kwalin magani, masu rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi, ya ƙara musu girma a inji don ta karanta. Daga farko har ƙarshe take karanta su, ita kaɗai a duk faɗin dangi.

"Auta, wa ya mutu?" in ji ta, tana ajiye jakarta a kan injin da aka fasa.

Ya karanta mata saƙon, ya ɗora da nasa sharhin na kwafi ɗaya tal. Ta saurare shi har ya gama, tana goge tabaraunta da gefen gyale.

"Ka rubuta a yi kwafi?"

"Yaya, ai wannan kowa ya sani."

"Ban tambaye ka kowa ba. Ka rubuta?"

Ya dubi bango, ya dubi rufi. "Ban rubuta ba."

"To laifi tudu ne," ta ce. "Sauko daga kan naka mu ga tsayinsa."

Nan take fushin ya sace, jikinsa ya yi sanyi. Ya tuna cewa a wani wuri akwai mace zaune gaban kwamfuta tana kallon aikinta na shekara huɗu kamar wasiƙar da ruwa ya jiƙa, kuma ba abin da ta yi sai bin maganarsa. Ya ce zai cire manhajar daga intanet yau ɗin nan, kowa ya huta. Yaya ta tambaye shi ko in ya cire na matar nan zai dawo. Ya ce a'a. Ta ce to wannan ba gyara ba ne, ɓuya ne.

Sai ya jawo kwamfutar ya buɗe shafin bayanin, ya ƙara layi ɗaya a sama da manyan baƙaƙe: KA YI KWAFI TUKUNA. Ya juya mata fuskar kwamfutar ta gani, yana jiran a ce ya yi ƙoƙari.

"Shi ke nan?"

"Sauran duk daidai ne. Na karanta."

"Ba ka karanta ba. Wanda ya rubuta takarda ba ya karanta ta, tuna ta yake yi. Idonka na kan layi, kanka na cike gurbin da ka bari." Ta zauna a kujerarsa ba tare da an yi mata tayi ba. "Mu a ɗakin tiyata, in an kawo sabuwar takardar umarni, ba a liƙa ta a bango sai an ba wadda ta fi kowa sabunta ta bi ta layi-layi. Wanda ya rubuta yana tsaye, hannu a baya, baki a rufe. Duk inda ta tsaya, takardar ce ta tsaya, ba ita ba. Buga mini tsohon bayanin, da girma. Ni zan bi."

"Yaya, ke da ko saƙon waya sai an buɗe miki."

"Shi ya sa."

Ya buga mata. Ya zuba wata tsohuwar manhajarsa a folda, wadda ke tuna masa injin da lokacin wankinsa ya yi, ya nuna mata yadda ake riƙe linzamin kwamfutar da yadda ake jan abu. Sannan ta sa shi ya zauna a benci ya danne tafukansa da cinyoyinsa, don ta san halinsa. Wanzami dai ba ya son jarfa. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana yi wa ma'aikatan ofisoshi faɗa don ba sa karanta abin da ke rubuce a murfin inji, yau ga shi zaune kan hannuwansa ana karanta nasa.

"Mataki na ɗaya," ta karanta da ƙarfi, da muryar kiran sunan majiyyata. "Ka sauke ta ka ajiye inda ya dace." Ta ɗago. "Ina ne inda ya dace?"

Ya buɗe baki. Ta ɗaga yatsa ɗaya, ya rufe. Ta zaro jan biro daga jaka ta zagaye kalmomin, ta rubuta a gefe: ina? Minti goma ta yi tana lalube kafin ta ajiye abin a wani wuri, shi kuwa yana ta mutsu-mutsu a benci kamar mai jin fitsari.

Kafin ta shiga mataki na biyu sai ta tsaya, ta sa yatsa a fuskar kwamfutar, ta fara ƙirga fayilolin da ke cikin foldar. Ɗaya, biyu, uku, har bakwai. Ta rubuta bakwai a saman takardar ta ja layi a ƙasa. Da ta ga yana kallonta ta ce, "Ba a buɗe cikin mutum sai an ƙirga almakashi da hantsaki da auduga. Ba a kuma ɗinke shi sai an sake ƙirgawa. Shekara talatin da ɗaya ban bar ko zare a cikin kowa ba, ba zan fara yau ba."

Ta ja fayil ɗin ta saka. Babu abin da ya motsa. Mataki na uku ya ce a jira har ta gama.

"Ta yaya zan san ta gama? Tari za ta yi?"

Jan biro ya sake sauka. Auta ya sunkuyar da kai. Shi ya san cewa kafin ƙiftawar ido take gamawa, amma a duk duniya shi kaɗai ya sani, kuma bai ga dalilin gaya wa kowa ba. Mataki na huɗu ya ce a gwada manhajar a ga tana aiki. Ta gwada, tana aiki, ta yi masa kallon da ke nufin ya ci maki ɗaya cikin huɗu.

"Mataki na biyar. Ka share duk tarkacen da ta bari." Ta mai da yatsa kan fuskar kwamfutar. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, bakwai." Yatsan ya tsaya. "Takwas. Auta, bakwai muka shiga da su. Wannan na takwas ɗin ɗan waye?"

Ya leƙo. Wani ɗan ƙaramin fayil ne a can ƙarshe, sunansa shara.

"Tarkacen ke nan, Yaya. Share shi kawai, kin gama."

"Wa ya ba ka izinin magana?" Ta gyara zaman tabarau. "Abin da ya fito daga cikin majiyyaci ba a jefar da shi sai an duba. Yaya ake buɗewa?"

Ya zaro hannu ɗaya daga ƙarƙashin cinya ya nuna mata. Fayil ɗin ya buɗe. Layuka ne a jere, kashi biyu. A hagu: ranar_wanki, sunan_inji, adadin_shafi. A dama, daura da kowanne: q1, q2, q3. Haka har ƙasa, kowane suna na asali tsaye kusa da shirmen da aka sa a madadinsa.

Auta ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Abin ya dawo masa gaba ɗaya. A makon da ya ƙera Ɓad-da-Kama ta yi ta ba abu biyu suna ɗaya, sai ya sa ta riƙa rubuta jerin duk abin da ta canja don ya kamo inda take kuskure. Ya kamo kuskuren, ya gyara, ya manta da jerin. Ranar da yake rubuta bayani a tsaye ya ga wani fayil mai suna shara, wanda shi da kansa ya raɗa wa sunan, sai ya ƙara mataki na biyar. Tun daga ranar bai sake buɗe shi ba, tun da foldar gaba ɗaya yake sharewa. Shekara shida yana alfahari da mota mara ribas, ashe ribas ɗin na nan, shi ne yake gaya wa mutane su cire su yar.

Murnar ba ta yi numfashi biyu ba gabansa ya faɗi. Mai saƙon nan malamar lissafi ce. Irin mutanen da ke bin mataki har ƙarshe. Idan ta kai na biyar, to shi da hannunsa ya sa ta jefar da abu ɗaya tilo da zai cece ta.

Ya buga lambar da ta bari a saƙon. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake bugawa. Yaya ta naɗe hannu tana kallonsa.

"Salamu alaikum," wata murya ta amsa, a gajiye.

"Wa alaikumus salam. Malama, ni ne mai Ɓad-da-Kama. Don Allah kafin komai, mataki na biyar. Wanda ya ce a share tarkace. Kin yi?"

Yana jin ƙarar fanka a inda take.

"Malam, a mataki na huɗu na buɗe fayil ɗin na ga abin da aka yi mini. Daga nan na daina yarda da kai. Ban sake taɓa komai ba. Ko kashe kwamfutar ban yi ba."

Ya koma ya zauna a benci. Dariya ta taso masa.

"Allah ya saka miki da alheri da kika daina yarda da ni," ya ce. "Ki duba cikin foldar. Akwai wani ɗan fayil, shara."

"Ga shi ina gani."

"Kada ki bari ko ƙuda ya sauka a kansa. Ki turo mini shi da wancan da ya lalace. Kwafi za ki turo, Malama. Kwafi."

"Yanzu ka tuna," ta ce, ba da zafi ba.

Awa biyu ya yi yana rubuta abin da zai bi jerin ya mai da kowane suna gidansa. Yaya ta ja kujera bakin ƙofa ta zama mai gadi. Duk wanda ya zo da takarda sai ta ce masa Injiniya yana tiyata, a dawo da yamma. Da ya gama zai saki abin a kan fayil ɗin Malama, ta hana shi, ta ce sabon magani ba a fara shi da majiyyacin wani. Ya gwada a kan nasa. Ranar_wanki ta dawo, sunan_inji ya dawo. Sannan ta gyaɗa kai.

Ya saki a kan na Malama, ya buɗe.

Niyyarsa ya duba layi biyu ya tabbatar, amma sai ya kasa ɗauke ido. Inda q7 yake yanzu an rubuta malam_mai_ciwon_gwiwa, kuma dokar da ke biye ta ce kada a taɓa ba shi aji a saman bene. Zz41 ta koma mai_shayarwa, wadda aka bar wa sha ɗaya zuwa sha biyu babu darasi kullum. Ga aji_kusa_da_janareta, ba a sa masa lissafi bayan an tayar da inji. Ga masu_babur_ɗaya, malamai biyu da dole su tashi lokaci guda. Ya yi ta gangarawa yana karantawa a fili, Yaya ta baro ƙofa ta tsaya a bayansa. Shekara shida yana ɗaukar sunayen cikin manhaja a matsayin takardar jikin kwalba kawai. Yau ya ga makaranta guda da gwiwoyinta da jariranta, kuma ya ga abin da manhajarsa ta shafe da safiyar nan cikin ƙiftawar ido.

Sai dai gefen layukan fayau yake. Bayanan da ta rubuta wa kanta ba sa cikin jerin, don Ɓad-da-Kama ba canja su take yi ba, share su take yi. Ya tura mata fayil ɗin, ya so ya yi shiru ta gano da kanta. Yaya ta miƙo masa wayar, ya kira Malama.

"Na buɗe," in ji Malama, muryarta ta canja. "Ga su nan. Duk ga su nan. Alhamdu lillahi."

"Malama, akwai saura. Bayanan gefe ba za su dawo ba. Babu inda aka ajiye su. Na duba ta ko'ina."



"Shekara huɗu ne a gefen nan," ta ce a hankali. "Duk wanda ya zo ya roƙe ni wani abu, nakan rubuta ranar da dalilin. Wasu zan tuna. Wasu sun tafi."

"Laifina ne. Ki yafe mini."

Bai ji ta ce "ba komai" ba, kuma ya gode da ba ta ce ba, don da ƙarya ce.

"Na yafe," ta ce. "Nima na koyi hankali. Amma ka gyara takardar nan, Malam. Ni na same ka. Wani ba zai rubuto ba, zama zai yi ya ɗauka shi ne wawa."

Ran Lahadi shago a rufe yake, amma shi da Yaya suna ciki tun safe, ƙofa a saye. Ya fara gyara manhajar kanta, yadda ba za ta sake rubutu a kan fayil na asali ba ko an roƙe ta, kuma in ta gama ta ce ta gama. Fayil ɗin shara ya canja masa suna zuwa makullin_komawa. Sannan suka koma kan bayanin. Shi yana rubutawa, ita tana bi, duk inda ta tsaya ya sake. Sun yi musu a kan kalmar "kawai", wadda ya sa har sau shida. Yaya ta ce duk inda ta ga "kawai" a takarda ta san marubucin ya gaji ne ya bar mai karatu a hanya. Ya cire biyar, ya yi gardama a kan ta shida, ya sha kaye.

Ita ce kuma ta tsaya a kan sabon mataki na biyar, tana buga biro a haƙori.

"Wannan makullin, in mutum ya tura foldar gaba ɗaya ga wanda yake ɓoye wa fa?"

Auta ya dafe kai. Ya kusa gyara ɓarna ɗaya ya haifi wata. Ya ƙara layi: makullin nan naka ne, ka adana shi, kada ka haɗa shi da abin da za ka aika. Shafi ɗaya ya zama uku. Da la'asar ta bi shi daga farko har ƙarshe ba ta tsaya ba ko sau ɗaya, ta mai da jan biro cikin jaka. Ya ce zai sa sunanta a ƙasa cikin waɗanda suka yi aikin. Ta ce ya bar sunanta ya huta, shi dai ya buga mata takardun maganinta da ya bari tun jiya. Ya buga mata su da girman da bai taɓa yi ba, ya raka ta har bakin titi yana riƙe mata jaka, abin da rabonsa da yi tun yana ɗan makaranta. Ya so ya yi mata godiya yadda ya kamata, kalmomin suka ƙi haɗuwa, sai ya ce ta gaida gida.

Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba. Sunaye sun dawo, amma aji biyu sabbi da kwana ɗaya da rabi ba wasa ba ne, kuma Malama ba ta sake kira ba. Ya ɗauki waya ya ajiye ya fi sau goma. Ya san mai aiki ba ta bukatar wanda ya jawo mata aikin ya riƙa tambayarta ina aka kwana.

Ran Litinin yana ɗaga ƙofar shago wayar ta yi ƙara. Takwas saura minti biyu.

"Malam, kana ji na?"

"Ina ji, Malama. Yaya aka ƙare?"

Hayaniya ce ta cika wayar, ihun yara da gudu da jan kujeru, har da kyar yake tsinto muryarta.

"Akwai doka ɗaya da na kasa tuna dalilinta," ta ce. "Ɗaki na shida, ran Laraba, darasi na uku, dole ya zama babu kowa. Na tambayi kowa, ba wanda ya sani. Na bar ta yadda take. Wata rana mai ita zai zo."

"Allah ya sa."

"Amin. Tsaya, kada ka kashe. Saurara."

Ya ji an kaɗa ƙararrawa. Hayaniyar ta ƙaru, takalma a kan matakala, ƙofofi na bugawa, wani babba na kiran wani yaro ya dawo ya ɗauki jakarsa. Daga nan ta fara raguwa. Ƙofa ɗaya ta rufe, wata ta rufe, wata can nesa. Auta na tsaye bakin shago da makulli a hannu, ya danna wayar a kunne har ta yi masa zafi.

"Ka ji?" ta ce, ƙasa-ƙasa.

"Ban ji komai ba, Malama."

"To shi ne. Ina tsaye a tsakiyar baranda. Aji goma sha huɗu, kowanne da malaminsa a ciki."

Ya tsaya yana sauraren shirun makarantar da bai taɓa gani ba, idanunsa suka kawo ruwa, kuma bai damu da mai sayar da takarda na kusa da ke kallonsa ba.

"Na gode, Malama," ya ce.

"Ni ce da godiya. Sai an jima, ina da aji."